Famfon da Balarabe Ya Kwance

Mun shigo da shi zaure ke nan, ni na tallafo kafaɗunsa, direban da ya kawo mu daga asibiti ya kama ƙafafu, sai Balarabe ya yi wani gurnani da ban taɓa jin irinsa a bakin mutum ba. Na zaci mun fama masa wani wuri ne, na ce a sauke shi a hankali. Ashe ba jikinsa ba ne, daɓen zauren yake kallo.

An share zauren tas. An yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, an jera butoci a bakin ƙofa. Can a lungu ga wani babban baho an rufe shi da faifai.

Yaya Maijidda ta fito daga cikin gida tana gyara mayafi. Ita ce babbar yayarsa, daga Dawakin Tofa ta zo da ta ji labarin faɗuwarsa.

"Sannunku da hanya. Ya mai jiki?" Sai ta lura da inda yake kallo. "Ai na tarar da wurin nan kamar bola, ƙarafa ko'ina. Na ce yanzu masu dubiya za su fara zuwa, a ina za su zauna? Na tattara maka su wuri ɗaya, babu abin da ya ɓata. Har wanke su na yi da sabulu."

Adama, matarsa, ta dafa bango. Ba ta ce komai ba, don ba a yi wa yayar miji gyara a gaban mutane. Shi kuwa hawaye ne ya gangaro masa ta idon hagu, ɓarin da ciwon shanyewar jiki ya bar masa.

Balarabe maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ni ina kiransa Baƙin Hannu saboda giris ɗin inji, shi kuma yana cewa hannuna kofaton jaki ne, don garma kawai aka ba ni. Yana saurayi ya tafi Kano ya shiga wani kamfani a Bompai inda ake haɗa fanka da injinan jan ruwa. Can ya koyi karanta zanen inji, da naɗa waya, da aunawa da mita. Da kamfanin ya rufe sai ya dawo gida da akwatin sifanu, ya kama noma kamar kowa. Amma tun daga lokacin duk abin da ke juyawa a ƙauyenmu, injin niƙa ne ko na ban ruwa, ta hannunsa yake bi. Famfon burtsatsen gari kuwa, wanda ake zurawa can ƙasa yana aiki da sola, mai unguwa da kansa ya damƙa masa shi, ya riƙe shekara da shekaru.

Yana da wata ɗabi'a a wajen aiki da na sha yi masa dariya a kanta. In zai kwance inji sai ya share daɓe, ya ja dogon layi da gawayi. Abin da ya fara fitowa ya ajiye shi a farkon layi, fuskar da ke sama tana kallon sama, na biye ya bi shi, haka har ƙarshe. In zai mayar sai ya faro daga ƙarshen layin ya dawo. Ko kaza ba ta isa ta ratsa zauren ba in yana cikin wannan hali. Cikin famfon nan ƙananan farfelu ne a jere a kan sanda ɗaya, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai wosha, wani siririn zobe. A ido duk iri ɗaya ne, amma kowace ta ci ta zauna da gurbinta, wasu ma shi ya goga su da hannunsa da na asali suka cinye. Yashi ne ya shiga famfon, ya ciro shi ya kwance don ya wanke. Na shigo in tsokane shi na tarar da shi yashe a gefen layin, bakinsa ya karkace. Ko a faɗuwar tasa bai taɓa ƙarfe ko ɗaya ba.

Wannan layin ne Yaya Maijidda ta share.

Ga shi bazara ta kai bazara, rijiyoyi sun ƙafe. Ruwan sha sai an tura kura da jarkoki ƙauyen da ke gaba da mu, na wanki kuwa sai na kududdufi, ja wur. Mai unguwa ya kawo wani mai gyara daga Bici. Mutumin kirki ne, ya ɗaga faifai ya duba ya faɗi gaskiyarsa: irin wannan tsohon famfo in an hautsina shi, sabo ake saya. Sabo kuwa kowa ya san sai bayan kaka. Ya ce ko a ba shi ya tafi da shi ya gwada sa'arsa. Balarabe, da ke jingine da matashi, ya ɗora hannun hagu a bakin bahon ya ƙi ɗagawa.

Harshensa ya karye, Adama kaɗai ke gane abin da yake faɗa. Ta sunkuya ta saurara.

"Ya ce shi aka ba amana, kuma shi ya kwance. Ya ce ba zai tafi ya bar gari da ƙishirwa ba."

"Tafiya ina?" na ce. "Wa zai karɓe ka da wannan baƙin hannun? Kwanta ka warke, malalaci."

Bai yi dariya ba. Ya nuna hannuwana ya sake yin magana.

"Malam Sabo, ya ce kofaton jakin nan zai ara."

Haka na zama ɗalibi da furfurata. Kullum in na dawo daga masallaci na karya, sai in shigo zaure, Adama ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida tana fassara. Abu na farko da ya sa ni shi ne wanke hannu. Na wanke, ya shafa tafina, ya tura ni na sake. Wai ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta cinye farfela. Na ce ni da na yi rayuwata ina cin tuwo da hannun nan ban mutu ba. Ya mintsine ni a cinya. Daga ranar muka samu yarenmu: in na yi daidai ya buga min gwiwa, in na kuskure ya mintsine ni. Cinyata ta sha wuya.

Na ja sabon layi da gawayi. Ina ɗauko farfela daga baho in sa masa a hannu, ya rufe ido ya bi ta da babban yatsa, ya ji inda ta ci da inda ba ta ci ba, sannan ya nuna min wurinta a layi. Wata sai ya daɗe yana juya ta, ya ajiye, ya sake cewa a miƙo. Ni ban ga bambancin komai ba. Wani lokaci haƙurina yakan ƙare in ce, "Kai, mu zuba su haka mana, ai duk ƙarfe ne." Sai ya dube ni da idon nan ɗaya har in ji kunya.

Masu dubiya suna ta zuwa kamar yadda Yaya Maijidda ta faɗa, amma a waje suke zama ƙarƙashin darbejiya, suna leƙowa su yi masa sannu. Babu wanda ya yi masa zancen ruwa. Sai dai duk lokacin da kura ta wuce ta ƙofar gida jarkoki suna ƙara, yakan juyar da kansa ya kalli bango.

Ƙarfinsa kuma yana raguwa. Da farko muna kaiwa azahar, daga baya hantsi na yi sai hannun ya fara rawa, Adama ta ce a bar shi ya huta. Ina gani, ita ma tana gani, ba wanda ya furta.

Ranar da muka jera farfelun a kan sanda na yi murna har na fara yi masa kirari. Ya ce in girgiza sandar. Na girgiza, ta yi wani ɗan ƙas wanda ni ban ɗauke shi komai ba. Ya sa na kusanto da ita kunnensa na sake. Sai ya saki jiki ya koma kan matashi.

"Ya ce saura wosha ɗaya," in ji Adama. "'Yar ƙarama, ta tagulla. Ya ce in aka kunna shi haka, farfelun za su ci junansu kafin la'asar."

Muka juye baho, muka kakkaɓe tabarmi, muka duba kowane lungu. Babu. Yaya Maijidda tana tsaye a bayan Adama, muryarta ƙasa ƙasa ta ce sharar ranar a juji ta zuba. Jujin kuwa tuni an kwashe shi a kan jakuna an kai gonarsa, don lokacin kai taki ne, kuma a ƙasarmu ba a barin ko tokar murhu ta tafi a banza. Yana can an tsibe shi tsibi-tsibi daga wannan kunya zuwa waccan.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba.

"Yaya, da kin bar abin da ba ki sani ba, da yanzu gari na shan ruwa."

Ta juya ta shige ciki.

Samari suka ce a ɓalle maganaɗisun tsohuwar sifika a bi tsibin da shi. Balarabe ya girgiza kai, tagulla ba ta binsa. Na ce to in goga wata. Ya nuna min guntun tagulla a akwatinsa, na zauna da magogi ina gogawa. Wadda na fitar ya shafa ya ce gefe ɗaya ya fi kauri. Na sake, ta yi siriri da yawa. Aikin da shi yake yi yana hira da mutane, ni ya gagare ni, kuma tagullar ta ƙare.

Bai bar ni na zauna haka ba. Ya sa aka kawo guntayen waya, ya ce in koyi haɗin da zai zauna cikin ruwa. A feƙe roba ba tare da an ji wa wayar ciwo ba, a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, a murɗe, a zuba dalma, sannan a naɗe da tef ana ja yana miƙewa, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Na yi, ya sa na kwance. Na sake, ya sa na kwance. Ya koya min ɗaurin noti: wannan kaɗan, a tsallaka na daura da shi kaɗan, a dinga zagayawa har su zauna tare, ba a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. Na ce masa me ye na gaggawar koya min wannan, ai in lokacin ya zo yana nan zai nuna min. Adama ba ta fassara amsarsa ba. Ta tashi ta shiga ciki, wai ta bar tukunya a wuta.

Washegari da rana tsaka na bi ta gonarsa zan je tawa, sai na hango mutum a durƙushe. Yaya Maijidda ce da rariya. Tana ɗibar taki tana tankaɗewa, tana bin abin da ya rage da yatsa, kashin awaki ne, toka ce, guntun leda ne. Ta gama da tsibi da dama, ga wasu birjik a gabanta. Tsohuwar da ko sallah a zaune take yi saboda gwiwa.

"Yaya, tashi mu je gida. Ranar nan za ta kayar da ke. Maganar da na faɗa, ki yafe min."

"Ai gaskiya ka faɗa." Ba ta ɗago ba. "Ni na goye shi, Sabo. Da Inna ta rasu ni na dinga tauna masa abinci. Na zo in yi masa hidima ne, ka ga hidimar da na yi masa."

Na koma gida na ɗauko rariyar matata na zo na durƙusa a tsibi na gaba. Da labari ya bazu, mata suka dinga fitowa da nasu da sanyin safiya. Amma ita ba ta san sanyin safiya ba, daga fitowar rana har faɗuwarta tana can.

Ita ce kuwa ta same ta. Wata la'asar ta shigo zaure ƙafafunta fari fat da toka, ta kwance bakin mayafinta ta sa masa wani ɗan abu a tafin hannu. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa. Sai ya miƙo min, ya kama hannunta ya riƙe. Ta zauna a ƙasa kusa da shi tana kuka ba sauti.

Na wanke hannu, na wanke woshar, muka sake jera farfelun tun daga farko. Da na gama ya ce in juya sandar da yatsa biyu kawai. Ta juya sumul. Na girgiza, shiru. Ya rufe ido ya ce in ƙara juyawa, na yi ta juyawa yana saurare. Sai ya buga min gwiwa, ya faɗi kalma ɗaya wadda ban buƙaci Adama ba kafin in gane ta.

"Jaki."

Rabin bakinsa yana murmushi. Na ce, "Jakin da ya fi ubangidansa." Na so mu ƙarasa a take, saura a rufe kwanson famfon a ɗaure, a haɗa waya. Amma an fara kiran magariba, ya ce ba a ɗaure inji da hasken tocila, sai da safe.

Ina fitowa daga sallar asuba na ji salatin Adama ta kan katanga.

Na zauna a dakalin ƙofar gidana kamar wanda aka tura. Mutumin da ban taɓa wayar gari ban ji tarinsa ta bayan katanga ba.

Kafin gari ya gama wayewa mutane sun taru. Liman ya tura samari haƙa kabari, ya tambayi ruwan wanka. Aka duba randa, na kududdufi ne a ciki, na jarka ya ƙare tun jiya. Liman ya ce ba laifi, ruwa ne mai tsarki, a tace a kawo.

"Allah gafarta Malam," na ce, "a ba ni zuwa hantsi."

"Malam Sabo, ka san ba a jinkirta gawa."

"Na sani. Amma mutumin nan ya shayar da garin nan tun 'ya'yanmu suna goye. Kada a wanke shi da jan ruwa famfonsa yana kwance a zaure. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma ya koya min."

Liman ya dubi mai unguwa, ya dubi ƙasa.

"Kafin a gama kabari da ɗinkin likkafani. In ruwa bai zo ba, da wanda ke akwai za a yi, kuma kada ka sake roƙona."

Na shiga zaure na wanke hannu. Daga cikin gida ina jin kukan mata ƙasa ƙasa. Na sa kwanso na fara ɗauri, wannan kaɗan, na daura da shi kaɗan. Kowane noti na taɓa sai in ji na tsaya ina jiran a mintsine ni ko a buga min gwiwa. In waiga in ga tabarmarsa a naɗe a jikin bango. Na feƙe waya, na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Hawaye yana hana ni gani, na dinga gogewa da kafaɗa don kada in taɓa fuska da hannun aiki. Na naɗa tef ina ja kamar yadda ya sa na yi ta maimaitawa. Sai a lokacin na gane abin da Adama ta ƙi fassara min.

Samari suka taya ni ɗauka zuwa burtsatse. Muka ɗaura igiya, muka haɗa bututu, muka zura shi a hankali har ya zauna. Na ɗaga makunni. Babu abin da ya faru, don rana ba ta hau kan farantan sola ba tukuna, inuwar tsamiya ta rufe su. Muka tsaya muna kallon inuwar tana janyewa. Wani ya zo ya ce an kusa gama kabari. Na durƙusa na manna kunnena a jikin bututu.

Da farko bugun zuciyata kawai nake ji. Can sai wani siririn amo daga ƙasa, mai tafiya daidai ba gargada. Bututun ya yi sanyi a kuncina. Sai na ji ruwa yana faɗawa cikin tanki a sama.

Na farko ya zo da laka, muka bari ya wuce. Da ya washe na tara bokiti da kaina na ɗauka zuwa gidan. Yaya Maijidda ce ta karɓa a bakin ƙofa. Ta leƙa cikin bokitin, ta ga gindinsa tar, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta kauce ta ba mu hanya. Ni da liman muka yi masa wanka. Na zuba masa ruwan a hankali, na wanke hannun da ya mutu da wanda ya rage masa. Wannan ne karo na farko da na zauna kusa da Balarabe ban tsokane shi ba.

Aka sallace shi a ƙofar gida, muka kai shi. Duk garin ya tafi, har da na ƙauyukan da yake yi wa gyara. Muka daɗe a maƙabarta, don bayan an rufe ma mutane sun ƙi watsewa.

A hanyar dawowa na ware daga jama'a na bi ta wajen burtsatse. Tun daga nesa na ji ƙarar zubar ruwa. Tankin ne ya cika ya tumbatsa, ruwa yana kwararowa ta samansa yana bin ƙafafun ƙarfen zuwa ƙasa. Duk shekarun nan ban taɓa ganin tankin nan ya yi ambaliya ba, kuma ban taɓa tambayar kaina wa ke zuwa ya kashe shi in ya cika ba.

Makunnin yana nan kusa da hannuna. Na tsaya ban taɓa shi ba tukuna. Ruwan ya yi 'yar hanya a cikin yashi ya gangara kan turba, wasu awaki suka zo suka jeru a bakinsa suna sha.